Tumatirin Ƙarshe da Afiniki Ta Dasa

A wani ƙauye an yi wani magidanci mai ɗan lambu a bayan gidansa. Lambun ba shi da girma. In ka tsaya a bakin rijiyar da ke tsakiyarsa, kana iya yi wa wanda ke bakin darni magana ba tare da ka ɗaga murya ba. Amma ƙasar mai kyau ce, rijiyar kuma ba ta ƙafewa ko rani ya yi tsanani. A nan yake noman tumatir da attarugu da tattasai da albasa, shi da matarsa Afiniki.

Aikin lambun a rabe yake tsakaninsu. Shi ne mai saran ƙasa da kai taki, shi ne mai jan guga safe da yamma. Ita ce mai yafa iri da dashe, gama hannunta yana da albarka, abin da ta dasa da wuya ya mutu. In amfani ya nuna su tsinka tare. Daga nan kuma sai mutumin ya karkaɗe hannunsa ya ce nasa ya ƙare, saura na mata.

Kun dai san halin tumatir. In ya tashi nuna, duka yake nuna a lokaci guda, kwando ya cika, baho ya cika, har kaji su ƙoshi su bar shi. In damina ta sauka kuwa sai ka neme shi ka rasa. Afiniki ta koyi wata dabara a zumuntar mata ta ikilisiyarsu, ta kuma riƙe ta da kyau. Takan wanke tumatirin da attarugun da tattasan da albasar, ta kai inji a markaɗa, ta zuba a babbar tukunya, ta yi ta juyawa a kan wuta har ruwan ya tsotse, markaɗen ya yi kauri, ya yi ja wur. A murhu na biyu kuma takan ɗora wata tukunya cike da ruwa, ta jera kwalabe da murafensu a ciki, babu komai a cikinsu, ta bar su su yi ta tafasa. Sai ta tsamo su da zafinsu, ta ɗura markaɗen da zafinsa, ta murɗa murfi, ta sake mayar da su cikin tafasasshen ruwa. Saboda haka, ko a tsakiyar damina, lokacin da maƙwabta ke fama da farar miya, gidan Afiniki ana cin jar miya mai ƙamshi.

Mijinta yakan zauna a gindin mangwaro yana kallon wannan aiki. Markaɗe ya gane, juyawa ya gane, ɗurawa ya gane. Dafa kwalbar da ba komai a cikinta ne bai taɓa shiga kansa ba, ga shi kuwa shi ne mai faskaren itacen. Kowace shekara sai ya tsokane ta.

"Maman Keziya, yau ma kwalba za mu ci?"

Ita kuwa sai ta yi dariya, ta share zufa da bakin zanenta, ta ce, "Taso ka zauna kusa, Baban Keziya, in nuna maka."

"Ai ina gani daga nan," in ji shi.

Haka suka yi shekara da shekaru. Kada ku ɗauka mugun mutum ne. Ba ya duka, ba ya sha, ba ya hana ta abin da take so, miyar kuma yana yabonta a gaban baƙi har Afiniki ta ji kunya. Abin da dai bai taɓa yi ba shi ne ya taso daga gindin mangwaron nan ya tambayi dalili.

Suna da 'ya guda, Keziya, wadda ta yi aure a wani gari mai nisa. Wata shekara sai labari ya zo cewa tana da ciki, cikin fari, haihuwar kuma za ta faɗo a tsakiyar damina. Bisa ga al'adarsu, gidan iyayenta za ta dawo ta haihu, uwarta ta kula da ita. Murna ta cika Afiniki. Ta sa mijinta ya ƙara sare wajen da a da ba sa nomawa, ta yafa iri fiye da na kullum, ta durƙusa ta dasa shi da hannunta ɗaya bayan ɗaya, tana waƙar sujada ƙasa ƙasa. Ta gama dashe ke nan zazzaɓi ya kama ta. Aka yi magani, aka yi addu'a. Kafin tumatirin ya yi fure, Ubangiji ya kira Afiniki gida.

Keziya ta zo jana'iza muryarta a dushe saboda kuka. Da aka tashi daga zaman makoki, ranar da za ta koma, sai ta shiga lambun ta tsaya tana duban shukar, ga ta koriya shar, ba ta san mai ita ta tafi ba. Ubanta ya biyo ta.

Ta ce, "Baba, kada ka bar shukar Mama ta mutu. In na zo haihuwa, ita nake so in ci. Shi ke nan abin da ya rage mini daga hannunta."

Ya ce, "Ba za ta mutu ba, 'yata. A kwalba za ki tarar da ita, kamar yadda uwarki take yi."

"Za ka iya, Baba?"

"Haba. Tun ba a haife ki ba nake kallo."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai ta ga idonsa ya cika da ƙwalla. Ba a koya wa uba aiki a irin wannan rana. Ta haɗiye maganar, ta durƙusa ta yi masa sallama, ta tafi.

Mutumin nan ya riƙe alkawarinsa iyakar ƙarfinsa. Bai taɓa kula da lambu kamar yadda ya kula da wannan ba. Tun da sassafe yana bakin rijiya. Ya cire ciyawa da yatsunsa don kada fartanya ta taɓa saiwa, ya toshe kowace kafa a darni saboda awaki. Wani lokaci yana ban ruwa hawaye na zuba, ba ya ma sharewa, tun da ba mai ganinsa. Baƙin ciki ya ramar da shi, amma shukar ta yi ƙiba. Da lokaci ya yi, lambun ya ba da amfanin da bai taɓa bayarwa ba, har rassan suka kwanta a ƙasa don nauyi.

Wata maƙwabciyarsu mai suna Briskila, ƙawar marigayiyar a zumuntar mata, ta leƙo ta kan darni ta ga kwanduna jere. Ta ce, "Sannu da aiki, Baban Keziya. Ka bari gobe mu zo da 'yan'uwa mata mu kama maka. Aikin nan yana da ƙa'ida."

Ya ce, "Na gode, Allah ya sāka. Amma wannan na Afiniki ne. Hannuna kaɗai zai taɓa shi."

Ƙauna ce ta sa ya faɗi haka, ba na musu. Amma akwai girman kai a gauraye da ita, shi kansa ba zai iya gaya maka inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta fara ba. Briskila ta koma gida.

Kashegari ya kama aiki. Ya wanke kayan tsaf, ya ɗauka a kansa ya kai inji, yara na kallonsa, bai damu ba. Ya hura wuta, ya ɗora babbar tukunyar, ya yi ta juyawa, hayaƙi na shiga masa ido, har kafaɗarsa ta ƙage. Markaɗen ya yi kauri, ya yi ja, ƙamshin ya cika gidan kamar tana nan. Sai ya shiga ɗakinta ya jawo kwalaben daga ƙarƙashin gado. Ya wanke su da sabulu da soso, ciki da waje, ya ɗauraye, ya ɗaga kowace ɗaya ya duba ta a hasken rana. Suna ta ƙyalli. Ya dubi murhu na biyu, ya dubi ɗan itacen da ya rage, ya ce a ransa, abin da ya riga ya fita tas, me wuta za ta ƙara masa?

Ya ɗauki kwalba guda da sanyinta, ya ɗura markaɗe mai zafi a ciki. Nan take ta tsage a hannunsa. Da a nan ya tsaya ya yi tunani, da ya gane abin da ya sa matarsa ba ta ɗura zafi a cikin sanyi. Da ma ya ƙwala wa Briskila kira ta kan darni, tana tsakar gidanta tana tankaɗe. Amma sai ya ce, ashe zafin ne ya yi yawa. Ya sauke tukunyar, ya rufe ta da faifai, ya bar ta ta kwana ta huce. Da gari ya waye ya ɗura markaɗe mai sanyi a kwalabe masu sanyi, ko ɗaya ba ta tsage ba. Ya ji daɗi ƙwarai, yana ganin ya samo hanyar da ta fi sauƙi. Ya murɗa murafen da dukan ƙarfinsa, bai kuma mayar da su cikin ruwan zafi ba.

Ya jera su a ɗakin Afiniki, layi layi a jikin bango. Duk wanda ya gan su a ranar zai rantse ita ta yi. Sai ya ja ƙofar ya sa kwaɗo, domin zannuwanta suna nan rataye a igiya, zuciyarsa ba ta iya ɗaukar ganinsu kullum.

Bazara ta shigo da zafinta. Wata rana da tsakar rana yana zaune sai ya ji wani abu ya yi ƙara a ɗakin, tas! Ya ce kwanon rufi ne yake miƙewa. Bayan 'yan kwanaki ya sake ji, ya ce ɓera ne. Daga baya wani ɗan tsami ya fara bin iska in ya wuce ta bakin ƙofar, ya ce kwatar maƙwabta ce. Makullin yana aljihunsa duk wannan lokaci. Ya sha jinin jikinsa, amma yana tsoron abin da zai gani, sai ya zaɓi kada ya gani.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, tumatir ya ɓace daga kasuwa. Keziya ta iso gida da cikinta ya tsufa. Yayar ubanta, wadda take kira Gwaggo, ta zo daga ƙauyensu don ta tsaya a madadin uwa. Ba a daɗe ba Keziya ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Gidan da ya daɗe shiru ya sake jin kukan jariri.

Da safe Gwaggo ta ɗora tukunya, ta ce wa ƙanenta, "To, mai lambu, kawo mana abin da ka yi ta yi mana alkawari. Mai jego tana jin yunwa."

Ya ciro makulli, ya buɗe ƙofar. Warin da ya buge shi sai da ya ja da baya. Kwalabe da yawa sun fashe, jan abu ya fantsama a bango ya bushe ya yi baƙi, har a kan zannuwan marigayiyar. Waɗansu murafensu sun tashi, kumfa ta malalo ƙasa, ƙudaje da tsutsa sun sami gida. Waɗanda ba su fashe ba, funfuna ta yi musu fari a sama.

Ya durƙusa a cikin ɓaraguzan gilashi yana ɗaga su ɗaya ɗaya, yana neman ko guda ce mai kyau. Guda ɗaya tak yake roƙo, wadda za a yi wa yarinyar miya sau ɗaya. Can a lungu ya sami wata da ba ta nuna komai ba, sai dai murfinta ya ɗan kumbura. Ya fito da ita tsakar gida a rungume. Yana murɗa murfin ta yi tsaki, kumfa ta taso ta bi masa hannu. Ya kai yatsa zai ɗanɗana.

Gwaggo ta buge hannunsa ta ce, "Kul! Kada ka kai bakinka. Wannan ko akuya ba a ba ta, balle mai shayarwa."

Keziya ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Ta dubi kwalbar, ta dubi ubanta.

"Baba, ka dafa kwalaben?"

"Na wanke su, 'yata. Na wanke su tas."

Can ta ce a hankali, "Da ka tambaye ni, Baba. Tun ina ƙarama ni nake iza mata wutar."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zarge shi ba. Ta juya ta koma wajen jaririyarta, suka ji tana kuka a ciki. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ran nan miyar kuka aka yi. Mutumin kuwa ya ɗauki fartanya da kwando, ya kwashe komai daga ɗakin, ya kai ƙarshen lambu, ya haƙa rami mai zurfi don kada kaji su tona, ya zuba a ciki, ya mayar da ƙasa. Ba wani dashen da Afiniki za ta sake yi a duniya. Daga baya ya gaya wa yayarsa cewa da yake mayar da ƙasar nan, ji ya yi kamar yana binne matarsa karo na biyu, wannan karon kuwa da hannunsa.

To, 'yan'uwa ƙaunatattu, ga abin da misalin nan yake nufi, ku kasa kunne.

Kwalbar nan zuciyar mutum ce. Abin da ake ɗurawa a cikinta kuwa kyawawan abubuwa ne, ba munana ba: wa'azin da kake ji, waƙoƙin da ka haddace, taimakon da kake yi, sunan kirki da kake da shi a gari. Ku lura, tumatirin mutumin nan ba shi da aibi. Wahalarsa ta gaskiya ce, hawayensa na gaskiya ne, ƙaunarsa ga matarsa da 'yarsa ta gaskiya ce. Duk da haka komai ya ruɓe, domin abin da aka zuba su a ciki bai shiga wuta ba.

Wanki da sabulu shi ne gyaran da ido yake gani. Ka daina abin da mutane za su yi maganarka a kai, ka sa farar riga ran Lahadi, ka gai da fasto da hannu biyu. Wannan yana da kyau, ba wanda ya ce a ɗura abinci a ƙazamar kwalba. Amma abin da ke ruɓar da markaɗe ido ba ya ganinsa, soso kuma ba ya kai gare shi. Haka zunubi yake a zuciya. Wutar ita ce tuba ta gaskiya, inda mutum zai tsaya a gaban Allah babu komai a cikinsa, ba aikin kirki ko ɗaya da zai nuna, ya ce, ga ni, Ubangiji Yesu, ka tsarkake ni. Ga wanda yake kallo daga nesa, wannan ɓarnar itace ce. Me ya sa matar nan take daɗewa a durƙushe? Me take ta faɗa wa Allah, ita da ba ta yi wa kowa laifi ba? Haka mai kallo yake tambaya, ba don ya sani ba, don dai ya yi tsokana.

A nan ne nake so in yi magana da ku, ku mazan ikilisiyar nan, ko da ranku zai ɓaci. Da yawanku kuna cin albarkar addu'ar matanku kamar yadda mutumin nan ya ci jar miya a damina. Kun san lokacin da take tashi, kun san waƙar da take so, kuna iya faɗin addu'ar cin abinci daidai yadda take faɗa. Kuna tsammani kallo ya zama sani. Ku kuma matasa da kuka girma a gidan masu bi, kada ku yi dariya, maganar taku ce. Bangaskiyar uwarka ba gadon gona ba ce da za a raba a ba ka kasonka. Ranar da ta tafi, da abinta take tafiya. Abin da zai rage maka shi ne abin da kai da kanka ka kai gaban Ubangiji.

Allah kuwa bai bar mutumin nan ba gargaɗi. Kwalba ta tsage a hannunsa, ya ba ta wata fassara. Ya ji ƙara a ɗaki, ya ce kwano ne. Kai ma ka ji taka ƙarar. Fushin da ya fashe maka a gaban 'ya'yanka har kai kanka ka yi mamaki, ƙarar ke nan. Ƙiyayyar ɗan'uwanka da ka rufe shekara da shekaru kana cewa ta wuce, ga shi in an ambaci sunansa abinci ba ya shigar maka, tsamin ke nan. Kana cewa gajiya ce, kana cewa halin mutane ne. Makullin yana aljihunka, tsoro ne ya hana ka buɗewa.

Abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne, ranar da aka buɗe ɗakin, ba shi kaɗai ya yi hasara ba. Yarinyar da ta dogara da shi ce ta kwana da yunwar abin da ba za ta ƙara samu ba. Wata rana ɗanka zai zo maka da aurensa yana rushewa, ko 'yarka ta zo da gawar jaririnta a hannu, ta ce, Baba, yi mini addu'a irin ta Mama. A ranar za a san abin da ka ajiye.

Na tsaya a bakin kabarin mata masu addu'a da yawa a maƙabartar ikilisiyar nan. Kusan kowane lokaci, in an gama mayar da ƙasa mutane sun fara watsewa, sai mijin ya kama hannuna ya ce, "Fasto, yanzu yaya zan yi?" Ina amsa masa iyakar iyawata, amma na gaji da jin tambayar nan a wannan wuri. Wadda ta fi ni sanin amsar tana ƙarƙashin ƙasar da muke tsaye a kai. Kai da matarka take zaune can a layin mata yanzu haka, ka yi mata tambayar yau, tun tana iya amsa maka.